Kilomita Ɗarin Da Ban Tuƙa Ba

Akwai wani bawan Allah a garinmu da na kusa kaiwa kabari da guntun alli kawai. Na rantse da kabarin kakata ba za ku yarda ba, don ko ni da aka yi abin da ni, in na tuna sai in ji kamar a kan wani ya faru. Ku da kuke bin shafin nan kun san bakina. To yau ku ɗan ajiye dariyar a gefe.

Sunansa Obrad. Shekararsa hamsin da takwas. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan jiragen ruwa a kogin Tisa kafin ya ajiye aiki. Kuma kum ɗina ne, wato shi ya riƙe 'yata a coci ranar baftismarta, tun daga ranar "kume" muke kiran juna. A wajenmu kana iya yi wa ubanka ƙarya ka kwana lafiya, amma ba a yi wa kum.

Ni kuwa Gavra. Ni da makaranta mun yi hannun riga tun aji biyu na sakandare, ranar da na cusa mataccen kifi a bututun ɗumama ofishin shugaban makaranta. Kwana tara suka yi suna neman inda warin yake fitowa. Har yau babu ɗan da aka haifa da ya kamo ƙafata.

Mu 'yan kulob ɗin tuƙin kwale-kwale ne. In sanyi ya shigo, kogi ya fara ƙanƙara, sai mu rataye kwale-kwalenmu mu koma ɗaki, inda injinan tuƙi shida suke a jere. Kujera mai zamewa, sarƙa, mariƙi, fanka, da ɗan agogo a gabanka yana ƙirga maka mita. Ka yi ta ja, gumi ya jiƙa ƙasa, amma ko taku ɗaya ba ka bar inda kake ba.

A bangon ɗakin akwai baƙin allo. Ba a rubuta sunan kowa a kai sai wanda ya ja kilomita ɗari shi kaɗai, a zama ɗaya. Suna bakwai ne kacal tun da aka kafa kulob ɗin. Na can sama shi ne Obrad: awa bakwai da minti arba'in da takwas. Shekara tara sunansa yana nan, babu wanda ya taɓa shi.

Wata ranar Laraba ina ba su labarin yadda na taɓa tuƙa kwale-kwale ina fuskantar ambaliya da filafili ɗaya, sai Obrad ya share gumi da tawul ya ce, "Kume, da bakinka ake ɗaura wa sarƙar nan, da tuni ka isa teku ka dawo."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Har Koci Milutin, wanda rabonsa da dariya tun ranar aurensa, sai da na ga haƙorinsa.

Na yi dariya tare da su. Amma a raina na ce, to tsoho, za ka ga aikin baki.

Ina da abokan aiki biyu a kamfanin sukari, Boshko da Mladen, su ma 'yan kulob ne, ƙarti masu ƙirji kamar ƙofar gareji. Kuma mabuɗin ɗakin yana hannuna, don ni nake hura murhu. Muka jira ranar bikin Waliyi Nikola a watan Disamba, ranar da rabin gari ke dafa kifi da wake, ɗaya rabin kuma ke zuwa ci. Babu mai leƙa kulob ranar.

Muka saita injin na uku a kan kilomita ɗari. Kowa ya ja kilomita biyu ya sauka, na gaba ya faɗa kujera tun fanka ba ta huce ba. Haka muka yi ta karɓa-karɓa tun safe har la'asar. Da lambar ta kai sifili, agogo ya nuna awa bakwai da minti tara.

Na watsa wa kaina ruwa, na lanƙwasa wuya kamar kazar da aka yanka, Mladen ya ɗauke ni hoto kusa da agogon.

Boshko ya ce, "Sati ɗaya, Gavra. Sati ɗaya ka faɗa musu wasa ne."

Na ce, "Kwana uku ma. So nake kawai in ga fuskar tsohon."

Na saka hoton a zauren kulob na waya. Washegari ɗakin ya cika kamar ana rabon gado.

Koci Milutin ya tsaya a gabana ya harɗe hannu. "Kai? Kai da kake sauka a kilomita goma ka ce za ka duba murhu?"

Na ce, "Koci, ai shi ya sa. Ƙarfin nake tarawa."

Wani ya ce hoto ba ya ƙarya. Wani ya ce hoto ba ya ƙarya amma Gavra yana yi. Wasu suka ce ai shekarata talatin da shida, ƙashina bai tsufa ba, me zai hana? Wasu suka ce ko an ɗaura ni a bayan tarakta ba zan yi ba. Musu ya yi zafi har wani ya jefi wani da tawul.

Koci ya ce, "Magana ta ƙare. Inji yana adana duk abin da aka yi a kansa. A buɗe a gani."

Ni kuwa ban san inji yana da ciki irin wannan ba.

Amma kulob ɗinmu yana da doka tun zamanin kakanni: babu mai ikon cewa a bincika sai wanda aka ture daga saman allo. Kowa ya juya yana kallon Obrad.

Ya tashi a hankali. Bai kalli injin ba. Ya ɗauki alli, ya hau benci, ya rubuta sunana a saman nasa da hannunsa, harafi bayan harafi, da kyakkyawan rubutun nan nasa na makanikai. Ya sauko ya kama kafaɗuna, ya sumbaci kuncina sau uku.

Ya ce, "Ba a bincikar kum. Na yi maka ba'a, ka ba ni amsa irin ta maza. Ka yafe mini."

Jama'a, nan ne ya kamata in fashe da dariya in ce wasa ne. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, kume."

To kun san ƙarya da zaƙi. Mahauci ya ƙara mini tsiran alade biyu kyauta. Mai gasa burodi ya fara kirana Zakara. 'Yata ta je makaranta ta faɗa wa 'yan ajinsu babanta ya fi kowa ƙarfi a bakin Tisa. Kwana uku suka wuce, sati ya wuce. Boshko da Mladen suka ja bakinsu suka yi gum, don in asiri ya tonu har da su za a kora.

Shi kuwa Obrad sai ya fara zuwa kulob sau biyu a rana.

Da farko ban damu ba. In na zo hura murhu da safe, in tarar da shi a bakin ƙofa yana jirana, numfashinsa na hayaƙi. Kilomita ashirin da safe, goma sha biyar da yamma. Ranar Lahadi arba'in. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya manna wata 'yar takarda a jikin injin na huɗu, da na leƙa sai na ga lambata ce ya rarraba: minti biyu da daƙiƙa takwas a kowace mita ɗari biyar.

Gudun ƙarti uku masu hutawa. Shi yake so ya yi shi kaɗai, awa bakwai.

Ranar wata Asabar da hantsi matarsa Desanka ta zo gidana. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Matata ta kawo mata kofi, ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Gavra, zan faɗa maka abin da ko kocinku bai sani ba. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da muka ce mun je wajen ƙanwata a birni, asibiti muka je. An saka masa ɗan bututu a jijiyar zuciya. Likita ya ce ya yi tuƙinsa, amma kada bugun zuciyarsa ya wuce ɗari da talatin."

Na ajiye kofina a kan tebur.

Ta ce, "Jiya na same shi zaune a matakala, leɓensa kamar toka. Ya ce igiyar takalmi yake ɗaurewa. Takalmin ba shi da igiya, Gavra."

Na ce, "Inna Desanka, ki hana shi mana."

Ta ce, "Shekara talatin da biyar ina hana shi abu. Ka taɓa ganin ya hanu? Ya riga ya sa rana, Asabar ta biyu a watan Fabrairu. Yanzu maganarka kawai yake ji. Ka ce masa ya bari."

Ta tafi ta bar ni da kofin da ya huce.

Daga ranar ban ƙara cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. In ina wajen aiki na ji jiniyar motar asibiti, sai in saki abin da ke hannuna in fita in ga ina ta nufa. In wayata ta yi ƙara, sai na rufe ido kafin in duba sunan.

Za ku ce me ya hana ni faɗin gaskiya. Nima na tambayi kaina. Tsoro biyu ne suka saka ni a tsakiya. Ina tsoron ya mutu, ina kuma tsoron idonsa ranar da zai san ya hau benci ya rubuta ƙarya da hannunsa, ya sumbaci maƙaryaci a gaban mutane.

Sai na koma ga abin da na iya. Na cire kujerar injin na huɗu na ɓoye a bayan itacen murhu. Ya zo da wata daga gida, ashe yana da ta ajiya. Na ce mabuɗi ya ɓata. Ya kira Koci. Na ce masa na ji an ce masu shekaru irin nasa in suka yi dogon tuƙi gashin kansu na zubewa. Ya shafa sanƙonsa ya ce, "Ka makara."

Sau ɗaya na yi ta maza na tafi gidansa da niyyar in faɗa. Ya zaunar da ni a kicin, ya zuba mini rakiya, barasar nan tamu ta 'ya'yan itace, haɗin bara, shi ya sha shayi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ka san me ka yi mini, kume? Shekara tara ina zaune a saman allon nan kamar hoton mamaci. Na ɗauka na gama. Kai ka tashe ni. Yanzu in na farka ina da abin da nake bi."

Na shanye rakiyar. Na ce tana da daɗi. Na fita.

Ranar ta zo.

Ƙarfe takwas na safe mutum kusan ashirin suka taru. An jera ayaba, da burodi da zuma, da gorunan ruwa mai ɗan gishiri a kan benci. Boshko da Mladen suka ce aikin safe ya faɗo a kansu, ko ƙeyarsu ba a gani ba. Desanka ta zauna a kusurwa da jakarta a cinya. Abu ɗaya ta ci nasara a kai: ta tilasta masa ɗaura maɗaurin nan na ƙirji da ke nuna bugun zuciya a kan agogo.

Obrad ya hau na huɗu. Ya ce, "Na uku naka ne, ba zan zauna maka a kai ba. Jawo kujera ka zauna kusa da ni. Kai kaɗai ka san hanyar nan. In na yi sanyi ka faɗa mini."

Koci ya ce a fara. Fanka ta ɗauki kuka.

Kilomita goma na farko, bugun yana ɗari da talatin da biyar. Na ce, "Kume, ka ɗan sassauta, hanya da nisa."

Ya ce, "Kai ka sassauta?"

A ashirin da biyar ya kai ɗari da arba'in da takwas. Ya lura idon Desanka yana kan lambar. Sai ya ce wa wani ya miƙo filasta, aka manne kusurwar agogon. Yanzu babu mai gani sai ni, don daga inda nake filastar ta ɗan ɗage.

A arba'in ya kamata ya sauka ya miƙe ƙafa na minti ɗaya, kowa haka yake yi. Ya ƙi. Ya ce minti ɗaya ba nasa ba ne.

Bugun ya kai ɗari da hamsin da tara.

Mutane na tafi suna kiran sunansa. Ni ina kallon wuyansa. Jijiya ta fito kamar igiyar shanya. Jan fuskarsa ya gushe, wani fari-fari ya maye gurbinsa.

A hamsin da biyar ya fara ja da hannun dama fiye da hagu. Mariƙin ya karkace. Ya ɗaga kafaɗa yana goga muƙamuƙinsa da ita kamar mai ciwon haƙori.

Ɗari da sittin da bakwai.

Na ce, "Kume, me ke damun hannunka?"

Ya ce, "Barci... yake." Maganar a gutsure take fitowa.

Na waiwaya. Desanka ta miƙe tsaye, ta toshe bakinta da hannu biyu. Ba ta kallon mijinta. Ni take kallo.

A kilomita sittin da ɗaya gumin da ke zuba daga goshinsa ya canza. Na kai hannu na taɓa shi. Sanyi ƙalau.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji muryata tana cewa, "Ka tsaya! Ƙarya ce! Ban yi ba! Ban taɓa jan kilomita ɗari ba! Mu uku ne, ni da Boshko da Mladen!"

Kun san abin da ya faru?

Dariya aka yi.

Wani ya ce, "Kai Gavra, ba ka da dama! Ka ga za a ture ka ko?" Wani ya ce, "Zakara ya tsorata!" Har da masu tafa mini.

Obrad bai ko juyo ba. Ya ce, "Desanka... ta sa ka. Na gode. Zauna."

Na ce, "Na rantse da Allah! Na rantse da ran 'yata, wadda ka riƙe a hannunka!"

Wani daga baya ya ce, "Bara ma da ranta ka rantse cewa ka ga kifi mai girman ƙofa."

Shekara ashirin ina gina wannan ramin da bakina, ban sani ba. Yau ga gaskiya a hannuna, ran mutum ya rataya a kanta, kuma babu mai saye ko a kyauta.

Na kira Boshko, waya a kashe. Na kira Mladen, tana ta ringi ba a ɗauka. Na kama sarƙar injin zan tsayar, mutum biyu suka riƙe ni suka janye, don duk wanda ya taɓa injin mai tuƙi ya ɓata masa zama. Fanka na ci gaba da kuka. Sittin da biyu.

Na ƙwace na faɗa gaban Koci Milutin, har gwiwata ta bugi ƙasa. Na ce, "Koci, ka buɗe na uku. Don girman Allah ka buɗe."

Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dubi Obrad, ya dube ni. Ya ce, "Doka ta ce sai wanda aka ture."

Na rarrafa wajen injin na uku na hau danna maɓallai. Ban ma san inda ake shiga ba. Sai na ji an ture ni gefe.

Koci ya ce, "Amma ba ta hana ɓarawo buɗe jakarsa ba. Matsa."

Ya saka tabarau. Ya danna, ya danna, ya koma baya har watan Disamba. Sannan ya ɗaga murya yadda ta fi ƙarar fanka.

"Obrad! Ka saurara, ba sai ka tsaya ba. Kilomita biyun farko, ja talatin a minti. Biyu na gaba, ja ashirin da ɗaya. Biyu na gaba, ja ashirin da shida, kuma gudu ya faɗi. Na gaba, talatin. Ashirin da ɗaya. Ashirin da shida. Talatin. Ashirin da ɗaya. Ashirin da shida. Haka har ƙasa."

Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Ku da ba ku tuƙi, ku sani: kowane mai tuƙi yana da jansa, kamar yadda kowa yake da tafiyarsa. Mutum ɗaya ba ya canza ja duk kilomita biyu kamar mai canza riga. Kuma Obrad ya shekara yana zaune kusa da mu, ya san jan kowa ko da idonsa a rufe.

Ya yi ja ɗaya. Ya ce, "Talatin... Boshko. Kamar kare... ya biyo shi."

Ya ƙara ɗaya, a hankali. "Ashirin da ɗaya... Mladen."

Sai ya juyo ya dube ni. Karon farko tun safe.

"Mai rarrafen fa?"

Na ce, "Ni ne, kume."

Ya saki mariƙin. Sarƙa ta ja shi ya bugi ƙarfe, ƙwal! Fanka ta yi ta juyawa ita kaɗai, tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba.

Ya kwance ƙafarsa ɗaya daga maɗauri. Ya sunkuya zai kwance ta biyun, sai kawai ya sulale gefe.

Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Desanka tana tura masa ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe. Koci yana ihu a waya. Wani ya buɗe ƙofa iska mai ƙanƙara ta shigo. Ni na tallabe kansa, yana da nauyi kamar dutse, ina ta cewa kume, kume, shi kuma idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba. An ce minti tara motar asibiti ta yi. Ni na san shekara ce.

Bai mutu ba. Na faɗa muku da wuri don kada ku sha irin wuyar da na sha. An ƙara masa bututu na biyu. Likitan ya ce wa Desanka da ya ƙara kilomita biyar a haka, da ba asibiti za a kai shi ba.

Sau huɗu ina zuwa duba shi. Sau huɗu Desanka tana tare ƙofa. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Cewa kawai take, "Yana barci," alhali ina jin tarinsa.

Mahauci ya daina amsa gaisuwata. 'Yata ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki ta rufe. Da na ƙwanƙwasa ta ce, "Baba, da gaske ne ko wannan ma wasa ne?" Na janye hannuna daga ƙofar na koma kicin.

Bayan kwana goma kulob ya yi zama. Boshko da Mladen suka zo kai a sunkuye, aka dakatar da su har ƙanƙara ta narke. Da aka zo kaina, Koci ya ce in ajiye mabuɗi a kan tebur, ya ɗauki tsumma zai goge sunana.

Sai ga Desanka ta shigo da takarda a hannu. Ta ce, "Dakata, Milutin. Shi aka ture, shi ke da magana."

Ta karanta.

"Kada a kore shi. A goge lambar, a bar sunan. Suna ya riga ya hau allo, sai mai shi ya biyo shi. Ya hau na uku ya ja kilomita ɗarinsa shi kaɗai, a gaban kowa. Ko awa goma sha biyu ya yi, a rubuta masa abin da ya yi. In ya sauka bai gama ba, ya sake daga farko wani satin. Ranar da ya gama, ya zo gida, akwai miyar wake. Kafin nan ba ni da kum."

Na ce, "Inna Desanka, ni fa ban taɓa wuce kilomita goma sha biyar a zama ɗaya ba."

Ta ce, "Mun ji. Milutin ya karanta mana."

Na ce, "To a ba ni wata uku in yi atisaye."

Koci ya ce, "Wata uku? Mai awa bakwai da minti tara? Sati uku. Kuma likita zai duba ka tukuna, ba ma son gawa a ɗakin nan."

Likita ya duba ni. Na yi tari, na dafe ƙirji, na ce masa kakana ma zuciya ce ta kashe shi. Ya ce zuciyata kamar ta doki, in tafi.

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe bakwai na safe, na tarar ɗakin ya cika har taga. Mutanen da ba su taɓa taka kulob ba sun zo da kujerunsu. Mahauci yana layin gaba. An kulle ƙofar baya an cire mabuɗin, wai kada in je duba murhu.

Na zauna a kan na uku. Na ɗaure ƙafa. Agogo ya nuna ɗaya da sifili biyar a jere, suna kallona kamar idanun mutanen da na taɓa yaudara. Na miƙa hannu na kama mariƙi.

Desanka ta jawo kujera ta zauna dab da ni. Ta fito da zare da allurar saƙa. Ta ajiye wayarta a tsaye a kan benci, fuskar Obrad a ciki, yana jingine da matashi uku, ya rame, ba ya murmushi.

Na ce, "Kume..."

Ya ɗauke kai.

Desanka ta zura allura a zare. Ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Ja."

Darasi: Ƙaryar da ka yi don a yi dariya, wani zai iya ɗaukarta da gaske ya bi ta da ransa. Kada ka rubuta wa kanka abin da ba ka yi ba, don ba ka san wanda zai auna kansa da shi ba. Kuma duk wanda ya mai da bakinsa abin wasa, ranar da zai buƙaci a yarda da shi don ceton rai, dariya za a yi masa. Ku tura wa abokin nan naku mai cika baki, tun kafin a ɗaure masa ƙafa a kan nasa injin.